Lambar Malam Nata'ala

Mohaman Bello azzalumi ne, kuma na faɗa masa haka a gaban jama'a ranar da ya watso tukwanen Hadija daga gida cikin jan taɓon unguwarmu, Briketeri.

Gidan ba nasa ba ne. Na marigayi Alhaji Njidda ne, ɗaki tara. Shi Mohaman dillalin shanu ne a kasuwar Etudi, auren 'yar Alhaji ya shigo da shi gidan, matar ta rasu, ya zauna daram. Alhaji ya mutu ba a raba gado ba, 'ya'ya suka bi shi, wasu jikoki ma suka bi. Duk wanda ya ɗaga maganar rabo sai Mohaman ya ce, "Magada sun mutu a kan magada. Lissafi ya cuɗe, ba mai warware shi." Yanzu ɗakin Hadija, matar marigayi ɗan Alhaji, yake so ya tara fatu a ciki, ita da marayunta su san inda suka nufa.

Maƙwabcina Malam Nata'ala shi ne masanin gado a unguwar, amma tun farkon damina yake kwance, ƙafafu a kumbure. Hadija ta durƙusa a bakin ƙofarsa.

"Baba Malam, ba don kwanciyarka ba..."

"Ƙafa ce ta kwanta, 'yar nan, ba kai ba. Lissafo mini matattunku, wa ya riga wa."

Ta lissafa. Ya sa na jingina shi da bango, na miƙa masa allo. Ya ce abin da ake nema lamba ce guda wadda kowane rabo zai fita daga cikinta ba ɓari. Kwanaki yana rubutu yana wankewa. Da hannu ya gaza, ni na riƙe alƙalami, yana faɗa yana zagin rubutuna.

Ran Juma'a bayan an sauko, mai unguwa da magada suka cika zauren Malam, ruwa yana dukan kwano. Malam ya ce, "Gidan ya kasu kashi dubu ɗari bakwai da ashirin, da ɗari bakwai da ashirin."

Mohaman ya bushe da dariya. "Allah gafarta, ɗaki tara ne, ba gero ba."

"A gwada lambar," in ji Malam.

Alim, mai kanti a kasuwar Mokolo, wanda ba ya ƙirga sai da Faransanci, ya karɓi allo. Ya raba da takwas don matan mamata, ta fita. Da bakwai, da sha ɗaya, adadin kawunan 'ya'yan kowane ɗaki, ta fita.

"Treize! Gwada sha uku!" in ji wani daga baya.

Alim ya duƙufa, ya ɗago. "Wallahi ta fita, ko ɗigo bai saura ba!"

Zaure ya ɗauki kabbara. Mohaman ya ce, "To sha bakwai fa?"

"Ba ta rabuwa da sha bakwai," in ji Malam. "Sha bakwai ba shi da gado a gidan nan. Kai ma da ƙyar ka samu."

Ya karanta rabo ɗaya bayan ɗaya, numfashi yana yankewa. Hadija da marayunta sulusi, ɗaki uku cif. Mohaman Bello, abin da ya gada daga matarsa, dubu goma da goma: tumunin ɗaki guda.

Malam ya ce a kwantar da shi. "Kada a wanke allon sai kowa ya shiga ɗakinsa." Ya cika kafin la'asar ta Asabar, fuskarsa a sake. Da muka dawo daga maƙabarta, hayaƙin murhun Hadija yana tashi daga tsakar gidan.

Mai unguwa ya zo da igiya ya auna wa Mohaman rabonsa a rumfar da ke bakin kwata, inda ake ɗaure akuya. Tabarma ɗaya ta shiga, ba ta buɗe duka ba. Mohaman ya kwashe fatunsa ya koma haya a Etudi. Akuyar tana nan a wurin.