Koren Duro

Tsahara ta kutsa cikin layin maza da ɗiyarta Hindu a goye, ta tsaya gaban teburin da aka kafa ƙarƙashin itacen bedin da ke bakin asibitin Dogarawa. Layin na masu feshin maganin fara ne. An aiko wata likita daga Konni, Madam Saude, ta duba ko gubar ta shiga jininsu.

"Ke kuma ina za ki?" in ji Abarshi, wanta, wanda shi ne shugaban masu feshin. "Wanga ba awon yara ba ne. Koma gida, in an tashi ina zuwa."

"Bar ta," in ji Madam Saude.

Tsahara ta kwance goyon. Hindu shekararta huɗu, amma tun ƙarshen damina sai a baya take. Miyau na zuba, ciki na murɗa, ga rawar hannu. An yi allurar zazzaɓi, an sha rubutu, ba sauƙi.

Likitar ta buɗe idon yarinyar ta daɗe tana kallo. Sannan ta tsaga mata yatsa, ta ɗiga jini cikin wata 'yar kwalba, ta saka a wani baƙin akwati da bai fi bulo girma ba.

"Mi yake gani a ciki?" Tsahara ta tambaya.

"Haske ne ke ratsa jinin. Ko gubar ba ta kai ƙwayar gero da aka raba dubu ba, launin zai nuna ɓarnar da ta yi."

Wani daga layi ya ce, "To kada a sa jinin Barmo mashayi, sai akwatin ya bugu." Aka yi dariya. Likitar ba ta yi ba. Ta sake awon, ta kuma ɗauki jinin Tsahara.

"Kina zuwa feshi?"

"Ni tuwo nake saidawa tasha."

"Ɗiyarki ta fi duk mazan nan guba a jiki. Ke ma akwai. A ina kuke aje ruwan sha?"

Suka tafi gidan Tsahara su uku, Abarshi na biye a baya yana gyara hula. Duron ruwan na nan gindin zana, kore shar, da faifai a bakinsa. Tsahara ta yi bayani da ɗan alfahari, don duk unguwar ba mai irinsa. Bayan rasuwar mahaifiyarsu, babbar randar tsohuwar ta faɗo a rabonta. Matar Abarshi ta ƙyalla ido a kanta. Sai Abarshi ya zo da duron a kan amalanke, ya ce na man gyaɗa ne daga kasuwar Konni, a yi musanya, ita mai sana'a ta fi buƙatar babban mazubi.

Madam Saude ta ari wuƙa ta kankare fentin. Ja ya fito a ƙarƙashi, sai rubutun nasara, sai hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu.

"Duron maganin fara ne. Waɗannan an ce a huda su a binne," ta ce a hankali. Ba ta kalli kowa ba.

"Na wanke shi," in ji Abarshi. "Da toka da omo, wallahi har hannuna ya saɓule. Kowa na yin haka. Ni ma ban san zai kai nan ba."

Likitar ta ce yarinyar za ta iya tashi in an daina shan ruwan, amma a kai ta Konni yau ɗin nan, motarsu na da wuri. Ta fita ta sanar da direba.

Tsahara ta tsaya tana kallon duron. Ba hoton ƙoƙon kan ne ke ranta ba. Tunawa take da zuwan Abarshi gidan nan tun daga ranar musanya. Duk sanda ta kawo mashi ruwan baƙunta sai ya ce yanzu ya sha, ko azumi yake, ko haƙori ke damunsa. Ran da ya zo da ɗansa ma, yaron ya miƙa hannu, Abarshi ya janye shi ya ce sauri suke.

Ta ɗauki moɗa, ta cika kwanon sha, ta durƙusa gabansa kamar yadda ta saba.

"Yaya, ka sha rana. Ga ruwa."

"Tsahara, bari wanga abu."

"Ai ka wanke shi."

Hannunta bai sauka ba. Shi ma nasa bai taso ba. A waje direba ya danna oda.

Ta ajiye kwanon a gaban takalminsa, a cike, ta gyara goyon Hindu. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"In na dawo, in tarar da randar Inna inda take."