Ranar Da Aka Daina Yi Wa Don Telo Musu

"Chepe," in ji Don Telo, yana dukan hannun kujera da tafi, "tun da aka kafa garin nan ba a haifi mai bugun ƙwallon besbol irinsa ba. Na huɗu yake a jerin masu bugu na ƙungiyar 'Yan Rake, na huɗu kuma zai zauna. Wanda bai yarda ba ya yi magana."

Ya gyara zama, ya jira.

Ƙofar kantin Fello cike take da hantsin nan, teburin domino a tsakiya, kowa da ɗan kofinsa a hannu. Da a watan jiya ya faɗi haka, kafin ya rufe baki an taso masa. Chepe fa! Ƙato mai tumbi, shekarunsa sun doshi arba'in, rabon da sandarsa ta cilla ƙwallo bayan katanga tun ba a sare raken bara ba. Amma Fello ya ci gaba da goge kwalabe, ya ce, "Haka ne, Don Telo." Wani ya ce, "Ai Chepe Chepe ne." Sauran suka gyaɗa kai, idonsu a kan domino.

Don Telo ya juya ya dubi Rufino.

Rufino maƙwabcinsa ne, shingen kwano ɗaya ya raba gidajensu. Bakaniken babura ne, ba ya tauna magana, kuma shi ya riƙe Yokasta, 'yar Don Telo, ranar da aka yi mata baftisma, shi ya sa suke ce wa juna kompai. Shekaru ke nan kullum safiya abu ɗaya suke yi: Don Telo ya ce Chepe, Rufino ya ce Wilkin. Kowa ya san aikin ukun farko su cika tashoshi ukun da ke zagaye da filin, na huɗu ya buga ƙwallo da sanda ya kawo su gida, wato inda suka faro gudu. A ganin Rufino, ba wa Chepe wannan aiki daidai yake da ɗaura wa tsohon sa amalanken rake, ga Wilkin nan matashi mai ƙarfin damtse manaja ya tura shi can na bakwai.

Maganar ta zo wa Rufino har maƙogwaro. Ya haɗiye ta.

"To, kompai," ya ce. "Yadda ka ce."

Dalili kuwa, jiya da yamma Yokasta ta same shi a gareji, hannunsa dumu-dumu da baƙin mai.

"Baba Rufino, likita ya ce zuciyar babana ta kumbura. Ya ce kada a bari ransa ya ɓaci, ihu ɗaya zai iya tafiya da shi. Na bi su Fello duk na roƙe su. Kai na bari ƙarshe, don kai ne matsalar."

"Ni ne matsalar?"

"Kai ne. Ka yi mini alkawari. Ko cewa ya yi teku ta ƙafe, ka ce haka ne."

Ya yi mata. Ta baro aikinta a babban birni ta zo jinya, duk ta rame, idanu sun faɗa. Wa zai ce mata a'a?

Yanzu Don Telo ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya bi sauran da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ajiye kofinsa bai sha ba.

"A kira mini Yokasta ta kai ni gida," ya ce. "Kofin Fello yau ruwa ne."

Bai sake fitowa ba. Abinci ma ya daina ci. Rufino yana jin ta ta shinge tana lallashi: ga romo, ga shinkafa da wake, ko loma ɗaya, Baba. Kwanon yadda ya shiga haka yake fitowa.

Ranar Juma'a Rufino ya wanke hannu da kananzir ya shiga. Ɗakin na warin man zafi. Fanka na juyi a kan kujera, hoton marigayiya matar Don Telo a bango, kwalaben magani a jere a bakin taga. Don Telo ya ƙanƙance a gadon, ƙafafu sun kumbura kamar burodi.

"Kompai, na yi wani tunani," ya ce, murya can ƙasa. "Ya kamata manaja ya sa Chepe ya riƙa yi mana jifa ma."

Chepe! Mutumin da in ya jefa ƙwallo daga tashar farko sai ta yi tsalle a ƙasa kafin ta kai ta biyu. Rufino ya saci kallon ƙofa. Inuwar Yokasta tana kan labule, tana tsintar shinkafa.

"Ba laifi," ya ce. "A gwada."

"Wilkin kuma a cire shi gaba ɗaya. Ya koma sayar da kwakwa a bakin titi."

"To."

Don Telo ya lumshe ido. "Yaushe ne?"

"Me?"

"Jana'izar. Tunda kun gama shiri, ku gaya mini ranar, in yi aski."

"Haba, kompai, wace irin magana ce wannan?"

"Lokacin da marigayi Casimiro yake kwance na je duba shi. Ya ce mini ƙwallon nan da ya ceci 'Yan Rake da ita muna samari, a sama ya cafke ta. Na ce haka ne. Alhali ina wurin, a ƙasa ya tsince ta. Da na fito na ce wa matata ta goge mini baƙin wando." Ya ja numfashi da ƙyar. "A unguwar nan gawa kaɗai ake ce wa haka ne. Su Fello ban damu ba, dama tumaki ne. Amma kai?"

Ya juya ya ba bango fuska.

"Ja mini ƙofa."

Rufino ya koma gareji ya karya noti biyu a jere, ya zagi mai babur ɗin da bai yi masa komai ba. Abin a fili yake. In ya yi musu zuciyar ta tsaya, shi ya kashe shi, kuma yarinyar da ya riƙe a hannunsa tana jaririya ba za ta sake gaishe shi ba. In ya yi shiru, mutumin zai mutu duk da haka, amma da fuska a bango, ba aboki ko ɗaya.

Ranar Lahadi 'Yan Rake suka karɓi 'Yan Bakin Teku. Rufino bai taɓa fashin zuwa fili ba, amma ran nan ya ɗauki kujera ya zauna a gefen gadon. Filin yana bayan layinsu ne, lasifikar mai sanarwa tana shigowa ta taga tar. Don Telo bai juyo ba. Haka suka zauna rana tana karkata, ganguna na tashi suna faɗuwa.

Aka zo zagayen ƙarshe. 'Yan Bakin Teku na gaba da ci ɗaya. An fitar da mutum biyu, saura ɗaya wasa ya ƙare, ga tashoshi uku duk a cike. Mai sanarwa ya ja sunan kamar zai tsage maƙogwaro: "Na huɗu, Cheeepe!"

Rufino ya damƙe gwiwoyinsa.

Jifan farko, in ji lasifika, Chepe ya kai sara ya sari iska. Na biyu ma haka. Na uku ko sandar bai ɗaga ba, ya tsaya yana kallo ƙwallo ta wuce ta gabansa. Alƙali ya daka tsawa ya fitar da shi, wasa ya ƙare. Filin ya yi wani nishi gaba ɗaya, ganguna suka mutu.

Can sai ga muryar Don Telo, daga wajen bango, a hankali.

"Alƙali ne ya cuce shi. A waje ƙwallon take, ba ta bi inda sanda za ta kai ba."

"A waje?"

Rufino bai san lokacin da ya miƙe ba. Kujerar ta faɗi ta baya.

"A waje? Kana kwance ka manna hanci a bango, ta ina ka gani? Ta tsakiyar tumbinsa ta wuce! Mutum uku suna jira a kai su gida, ƙatonka ya tsaya kamar mai jiran mota! Ko kakata ka ba wa sandar nan za ta motsa ta!"

Gadon ya yi ƙara. Don Telo ya juyo.

"Kakarka ta fi Wilkin ɗinka ido, wannan na yarda."

"Wilkin ya buga biyu yau! Biyu! Kunnenka ma ya kumbura ne?"

"Ya buga lokacin da ba kowa a tasha. Kowane ɗan iska zai iya bugu in ba nauyi a kansa. Sa shi na huɗu ka ga yadda zai jiƙa wando."

"Gara mai jiƙa wando da mai barci a tsaye!"

"Kai me ka sani a ƙwallo? Bakanike! Ka taɓa tsayawa a gaban mai jifa? Tayar da ni, tayar da ni in nuna maka yadda ƙwallon waje take zuwa."

Rufino ya tallafe shi ya jingina shi da matashi. Don Telo ya ɗaga hannu, ya zana hanyar ƙwallon a iska, ya karkatar da ita a ƙarshe. Idonsa ya buɗe, har wani jini-jini ya dawo masa a fuska.

Labule ya yaye. Yokasta ce, ludayi a hannu.

"Baba Rufino!"

"Ƙyale shi," in ji uban, yana haki. "Jahili ne, ina koya masa. Akwai sauran dakakkiyar agaden nan? Sa mini albasa da yawa."

Ta tsaya tana kallonsu. Ta juya ta fita, ta dawo da kwano. Ya ci fiye da rabi, yana nuna Rufino da cokali tsakanin loma da loma.

Da Rufino zai tafi ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi. Na karya."

"In wani abu ya same shi fa?"

"Zai same shi, 'yata. Ni da ke duk mun sani."

Ta rufe ƙofar ba sallama.

Washegari da safe, kafin ya buɗe gareji, Rufino ya tsaya a jikin shinge ya ƙwala, "Wilkin!" Daga tagar can murya ta amsa, siririya amma da zafinta, "Chepe, ɗan banza!" Ranar Talata ma haka. Ranar Laraba ya ƙwala bai ji komai ba. Ya sake. Kaji na tono a gindin shingen, rediyon wani gida na waƙa. Sai ya ji kukan Yokasta.

A zaman makoki ta ba kowa kofi da hannunta, shi ta aiko masa ta hannun wata. Ya karɓa. Ya sha.

Duk wanda ya taɓa sa rigar 'Yan Rake, in ya mutu ba a kai shi makabarta sai an zagaya da shi tashoshi an kawo shi gida, kuma Don Telo ya sa ta yana saurayi. Saboda haka daga coci aka nufi fili. 'Yan wasa suka zo da rigunansu. Chepe ya ce shi zai riƙe kusurwar gaba ta dama ta akwatin gawar, ba wanda ya hana shi, don tun safe yake kuka kamar yaro.

Aka tashi daga faifan gida, inda mai bugu yake tsayawa, jama'a na biye a hankali cikin baƙaƙen kaya, rana tana dukan ƙeya. Tashar farko lafiya. Kafin a kai ta biyu Chepe ya fara huci. Tsakanin ta biyu da ta uku akwatin ya soma karkata ta gefensa, tafiyar ta koma jan ƙafa, na baya suna cin dugadugan na gaba.

Rufino ya so ya faɗa a ransa ne. Amma bakinsa bai saba ba.

"Ga shi nan dai. Ko gawa aka ba shi ba zai iya kai ta gida ba."

Kowa ya ji. Fello ya sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta yi alamar gicciye. Yokasta, wadda ke gaba dab da akwatin, ta tsaya ta juyo. Idanunta sun kumbura. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Da Wilkin ɗinka ne, Baba Rufino," ta ce, "da tun a tashar farko ya yar da shi. Chepe na huɗu ne."

"Haba, Yokasta," in ji Fello, ya ɗago kai, "tsakani da Allah, ranar Lahadin nan fa..."

"A waje ƙwallon take!" wani ya faɗa daga baya.

"Waje ina? Ina bayan alƙali a zaune!"

"Kai da ba ka gani sai da tabarau?"

Haka aka ƙarasa tashar uku, aka miƙo hanyar gida, maza da mata ana ɗaga hannu ana nuna juna, limamin cocin ma yana cewa a bar shi ya faɗi nasa. Yokasta ta dawo baya ta saƙala hannunta a na Rufino, tana gaya masa bai san komai ba.

Suka sauke akwatin a kan farin faifan gida. Hayaniyar ta lafa da kanta. Chepe ya duƙa, hannuwa a gwiwa, yana haki, gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan murfin. Rufino ya matsa kusa da shi, ya cire hularsa, ya shiga yi masa fifita.