Kinin na Mako Biyu

Ranar wata Talata a 1938, a Dapaong, matata Safara'u ta haɗiye kinin, maganin zazzaɓi, na mako biyu lokaci guda, yadda ake shan jiƙo. Ni na karanta Faransancin jikin kwalbar, na ce sai na ƙarasa littafina in yi mata bayani.

Kafin azahar ta makance, ta kurmance. A motar da ta kai mu asibitin Sokodé, da hanci ta riƙa gane garuruwa tana kiran sunayensu.

"Malam, Mango ke nan, ga ƙarnin kifi. Duba littafinka ka gani."

Ba ta kuskure ko gari ɗaya ba. Likita ya ce da tsufan zuciyarta da nisan hanya, bai san yadda ta iso da rai ba. Washegari ta cika.

Kalma uku ce ban gaya mata ba: ƙwaya ɗaya kullum.