Shafi na Arba'in da Ɗaya

Sai da Baba Fensir ya kai shafi na tara sannan ya gane rubutunsa yake karantawa. Haka ake kiransa a sashen tsara tattalin arziki, saboda fensirin da ba ya barin bayan kunnensa. Ya cire tabarau, ya murza ido, ya sake dubawa. Tabbas rahotonsa ne, wanda ya rubuta shekara goma sha tara da suka wuce a kan gina rumbunan hatsi, don farashi ya daina hawa duk damina. Bango kawai aka sauya, aka sa mai sheƙi da tambarin wani kamfanin ƙwararru.

Ministoci shida ya kai wa rahoton nan. Ɗaya ya ce a kafa kwamiti, ɗaya ya ɗora kofin shayi a kai, sauran ko buɗewa ba su yi ba. Yanzu saura wata biyu ya yi ritaya, gwiwa ta gaji da hawa bene, sai ga abin ya dawo a hannun baƙi. Ko ƙarfin yin fushi bai samu ba, wallahi.

A ɗakin taro Minista ya ɗaga rahoton sama.

"Kun ga aiki? Wata uku kacal suka yi! Ku kuna nan kuna ɗumama kujera. Baba, ka karanta?"

"Na karanta, ranka ya daɗe."

"To, ka koyi wani abu kafin ka tafi."

Aka kwashe da dariya. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Ya san halin mutumin. In ya ji cewa daga kabad ɗin ma'aikatarsa aka kwaso aikin, kunya za ta sa ya yi wurgi da shi, rumbunan su mutu karo na bakwai.

Sai dai akwai shafi na arba'in da ɗaya. A can ya taɓa yin kuskure, ya musanya yankuna biyu: mai noma hatsin ya samu rumbu biyu, wanda ba ya noma komai ya samu goma sha ɗaya. Bayan an buga ya gano, ya gyara da fensir a kwafinsa kaɗai. Ƙwararrun kuwa sun kwashe har da kuskuren.

Da aka tashi, Baba ya tare shugaban ƙwararrun a baranda, wani mai kwat da bai wuce sa'ar ƙaninsa ba.

"Malam, ɗan zo ofishina. Minti biyu."

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da tsohon kwafin da takardunsa suka yi ja, ya buɗe shi kusa da sabon. Mai kwat ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya juya bangon ya karanta sunan da ke jiki. Gumi ya keto masa.

"Yallaɓai, don Allah... a ɗakin ajiya aka ba mu. Za ka gaya masa?"

"Zauna, kafin ka faɗi. Ka gyara layukan nan biyu, ka ce kai ka gano. Daga bakinka yake jin magana."

"To kai fa? Me kake so?"

"A gina su inda hatsin yake."

Baba Fensir ya daɗe yana shafa tsohon kwafin da tafin hannu, sannan ya tura wa mai kwat.

"Tafi da shi, akwai wasu gyare-gyaren a ciki. Shekara goma sha tara ina yi."

Mutumin ya kai ƙofa, Baba ya kira shi. Ya karɓi kwafin, ya yage bangon a hankali, ya mayar masa da sauran.

"Kada Minista ya gani," in ji shi, ya ninke bangon ya sa a aljihu.