Firizar Malam Tambari

A unguwar Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, akwai wani gida mai mutum biyar. Akwai Malam Tambari, ma'aikacin gwamnati mai son duk wani abu na zamani, da matarsa Bara'atu, da ƙanensa Gazali da ke karatu a jami'a. Sai mahaifiyarsu da kowa ke kira Iya, sai kuma Zakiyya, 'yar Malam mai shekara bakwai. Abinci bai taɓa yanke musu ba, sutura ma sai godiya. Abu biyu kawai suka rasa: wutar lantarki mai tsayawa, da banɗaki na biyu. Iya ta rasa na uku ita kaɗai, wato haƙora, amma ta ce ba ta cigiyarsu.

Katanga ɗaya ta raba su da gidan Mariyatu mai fura, mahaifiyar Fauziyya. Zakiyya da Fauziyya tare suke zuwa makaranta, tare suke dawowa. In ka ga ɗaya a ƙofar gida, to ɗayar tana ciki tana neman takalminta.

Ana saura mako guda Babbar Sallah, Malam Tambari ya sayo firiza, fara, ƙatuwa, sai da ƙarti huɗu suka shigo da ita falo. Can da, in an yanka ragon layya a gidan, banƙare shi ake yi a jikin itace, a kafa shi gefen wuta ya sha zafi har yamma. Kashegari Iya ta sa a yayyanka shi a soya har ya bushe, a ajiye shi cikin mansa, a yi wata biyu ana ci.

"Bana babu hayaƙi gidan ga," in ji Malam, yana shafa murfin firizar. "Babu gashi, babu suya. Zamani ya zaka."

Iya ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗanta na fari. Ta zagaya firizar da sandarta, ta ce, "Kai wanga, akwatin ga da mi yaka aiki?"

"Da lantarki, Iya."

"Lantarkin da muka gani sau biyu ga mako, kamar baƙon ƙauye?"

"Iya, ba ki gane kimiyya ba."

"To, Allah shi ba da sa'a," in ji ta, ta koma tabarmarta.

Ranar Sallah aka yanka rago, aka fitar da na maƙwabta da na mabuƙata, aka dafa kayan ciki aka ci. Sauran naman duka aka zuba a firiza. Ya kwana ya daskare. Da hantsin kashegari aka ɗauke wuta.

Malam ya tara mutanen gidan ya kafa doka: kada wanda ya buɗe firizar, don sanyin ya zauna. Doka ce mai kyau, sai dai shi ne ya fara karya ta. Duk baƙon da ya zo barka da Sallah, sai Malam ya ja shi falo, ya ɗaga murfin ya ce, "Sa hannunka ka ji." Zakiyya ta ƙirga baƙo goma sha ɗaya. Na ƙarshen ya sa hannu, ya janye, sannan ya ce, "Ma sha Allah," don mutum ne mai kara.

Rana ta biyu ba wuta, ga zafin Sakkwato da ba ya raga wa kowa. Da azahar wani ruwa ja-ja ya fara tsatsowa ta ƙarƙashin firizar. Zakiyya ce ta gani, ta ruga wurin mahaifinta.

"Baba, firiza na zubar da ruwa."

"Zufa ce," in ji shi. "Wa ba ya zufa garin ga? Ɗauko tsumma ki goge."

Ta goge. Sai a daren rana ta uku wuta ta dawo, kafin azahar ɗin kashegari naman ya sake ƙanƙarewa. Malam ya ƙwanƙwasa cinyar ragon da cokali, ta yi ƙara kamar dutse. Ya dubi Iya da murmushi. Iya ta dubi rufin ɗaki.

Da la'asar ya ce yau da kansa zai gasa wa iyalinsa nama. Ya kwaso shi a babban tire, ya aza a kan garwashi tun bai saki ba. Wuta ta yi yawa, Malam kuma yana sauri, sai bayan naman ya ƙone, cikinsa kuwa ja. Da ya sauke, ya mayar da shi cikin tiren da ya kwaso ɗanyen, ruwan jinin na nan kwance. Ya barbaɗa yaji mai yawa, yajin ya rufe komai.

Ana cikin haka Fauziyya ta shigo da ƙwaryar fura, gaisuwar Sallah daga mahaifiyarta. Kowa ya sha ludayi biyu uku. Malam da Bara'atu da Gazali suka koma kan nama. Zakiyya tana da haƙori mai girgiɗi a gaba, ko tsoka ɗaya ba ta iya taɓawa ba. Ita da Iya suka ja ƙwaryar gefe suka ga bayanta.

Da gari ya waye, gidan ya san darajar banɗaki na biyu. Malam yana ciki, Gazali yana waje riƙe da buta, yana taka rawar da ba kiɗa.

"Yaya, ka ji tsoron Allah ka hito!"

"Yaro, bi sannu. Ko nan na girme ka."

Bara'atu tana jingine da bango, ta riƙe ciki, ta ce, "Malam, in ka hito kada ka yi nisa da ƙofa, ka ba mutane hanya."

Wajen ƙarfe tara Malam ya zube a tabarma, idanunsa sun faɗa, ya yanke hukunci. "Hurar can ce. Ƙudaje sun sha, mu ma mun sha. Daga yau babu mai shiga gidan Mariyatu. Ke Zakiyya, ke da Fauziyya sai ɗaga hannu daga nesa. In na samu ƙarfi zan je in gaya wa mijinta."

Zakiyya ta fashe da kuka. Ta je bayan Iya ta ɓoye fuskarta. Iya ta lalubo wayarta daga bakin zane, ta ce, "Share hawayenki, ƙawata. Nemo min lambar gwaggonki."

Gwaggo Sadiyatu ƙanwar Malam ce, ma'aikaciyar jinya. Ba a jima ba ta iso da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. Ta wanke hannu da sabulu, ta haɗa da tafasasshen ruwan da ya huce, ta ba majinyatan uku, ta ce su riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Ta taɓa goshinsu, ta tambaya ko akwai wanda ya ga jini. Babu. Sannan ta zauna.

"To, Yaya, mi kunka ci?"

"Hura ce, Sadiya. Ba sai kin yi bincike ba."

"Wa da wa sunka sha?"

"Kowa."

"Baba," in ji Zakiyya daga bayan Iya, "ni da Iya mun fi kowa sha. Mu munka shanye ƙwaryar."

"Har na suɗe ludayin," in ji Iya. "Ga ni garau."

Gwaggo ta juya. "Mi ne ne su ukun sunka ci, ku ba ku ci ba?"

Zakiyya ta buɗe baki ta girgiza haƙorinta da harshe. Iya ma ta buɗe nata, babu abin girgizawa. Gazali ya so ya yi dariya, sai ya ga dariyar tana da haɗari, ya ɗauki buta ya fita da gudu.

"Naman ga daga firiza ya hito," in ji Malam. "Kamar dutse yake. Ko wari babu."

"Baba, ai ran nan ya narke. Ni na goge zufar."

Gwaggo ta sa aka ba ta labarin tun daga farko. Da ta ji, ta yi wa yayanta bayani a hankali, yadda take yi wa masu jego a asibiti. Ta ce ƙwayoyin cuta ba a ganinsu da ido, kuma ba kullum hanci ke jin su ba. Sanyi ba ya kashe su, kwantar da su yake yi. Da naman ya narke ya kwana biyu cikin ɗumi, sun farka sun hayayyafa. Da wuta ta dawo, sai ta daskarar da su tare da naman.

"Sannan ka gasa bai nuna har ciki ba, ka mayar da shi cikin ruwan ɗanye. Yaya, ai gayyatarsu ka yi. In wuta ta wuce wuni ba ta dawo ba, a hitar da nama tun da sauran sanyinsa, a soya shi sosai. Wanda ya kwana a narke kuwa, haƙuri za a yi da shi. Kuma tiren ɗanye daban, na gasasshe daban."

Malam ya daɗe yana kallon firizarsa. Can ya ce, "Wato Iya ta yi gaskiya."

"Ɗaga murya, kai wanga, kunnena ya tsufa."

Bai ɗaga ba. Ya ce in Gazali ya samu sarari, ya haƙa rami a bayan gida a binne sauran naman, kada ko kyanwa ta ci. Sannan ya dubi 'yarsa. "Wanke ƙwaryar can ki mayar wa Mariyatu. Ki ce mun gode, hura ta yi daɗi. Kada ki ƙara komai a kai."

Zakiyya ta wanke ƙwaryar, ta wanke hannunta, ta fita da sauri. Fauziyya tana zaune a zaurensu, ta tambaye ta me ya hana ta fitowa tun safe. Zakiyya ta zauna kusa da ita. Ba ta gane duk bayanin Gwaggo ba, amma ta gane wannan: naman da ya narke ya kwana a zafi ya lalace, ko da ya sake yin ƙanƙara, kuma ba furar maman Fauziyya ce ta kwantar da gidansu ba.