Ambulan Arba'in da Ɗaya

"Ina ambulan ɗin?" in ji Rhoda, tana ɗaga wasiƙun ɗaya bayan ɗaya daga gwangwanin biskit.

"Waɗancan tsofaffin?" Misis Garbutt ta ci gaba da zuba shayi. "Na raba ki da datti, 'yar nan. Har guga na yi wa takardun."

Guga! Rhoda Ashcombe ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta kurma ihu. Shekara goma sha biyu tana rubuta tarihin Denis Marrable, ɗan majalisar nan kuma marubuci, wanda ya ajiye kujerarsa a 1964 ya ɓace shekara guda cur, ba wanda ya san inda ya shiga. Ranar Juma'a za ta miƙa littafin ga maɗaba'a, ga giɓin wannan shekarar a tsakiyarsa. Sai shekaranjiya wannan tsohuwa mai shekara tamanin da shida, Enid Garbutt, ta bugo waya daga ƙauyen Skelby, wai tana da wasiƙunsa arba'in da ɗaya. Yau Rhoda ko karin kumallo ba ta yi ba ta hau jirgin ƙasa zuwa York, daga nan ta kama bas.

To amma Marrable mutum ne mai ban haushi. Bai taɓa sa kwanan wata ko sunan gari a wasiƙa ba, sai dai "Talata" ko "ana ruwa". A Ingila kuwa yaushe ne ba a ruwa? Hatimin gidan waya da ke kan ambulan shi kaɗai zai faɗi gari da rana.

"Misis Garbutt, don Allah, ina kika kai su?"

"Takardar ambulan na hura wuta da ita. Kan sarkin kuma na yanke na ba matan coci. Sayarwa suke yi, a horar da karnukan da ke jan makafi. Yau Laraba ko? Mai saye yana zuwa da tsakar rana."

Sha biyu saura kwata. Rhoda ta bar jakarta da laimarta a nan ta fita da gudu. Mace mai shekara hamsin da biyu, mai digiri uku, tana tsallake kududdufai kamar an biyo ta.

A zauren coci ta tarar da mata huɗu da almakasai, ga buhu an riga an ɗaure bakinsa. Ta yi bayani tana haki, rabin maganar ba a ji.

"Tun daga Landan saboda kan sarki?" in ji wata mai ƙiba da ake kira Maud. "Ku can ba ku da aikin yi ne?"

"Ke Maud, bar ta ta numfasa," in ji Doreen, shugabarsu. "Ku kwance buhun. Mai saye ya jira, ai ba jirgi zai kama ba."

Suka zazzage shi a kan tebur, dubbai, har suna zuba ƙasa. Doreen ta ce a nemi masu farashin tsohon kwabo, waɗanda Sarauniya take yarinya a jiki. Nan take zauren ya rikice.

"Ga ɗaya!"

"Wannan na Kirsimetin bara ne, makauniya. Ke ya kamata a saya wa karen."

"Ga biyu manne da juna!"

Rhoda tana jera su a kan farin ƙyalle. Allah ya so Misis Garbutt ba ta da ƙwauron almakashi, ta bar takarda mai faɗi a gefe. Rhoda ta ari gilashin ƙara girma a wajen Doreen ta ɗora a kan na farko. Ta daɗe tana kyautata zaton Lisbon ne, ko wani asibiti a Scotland. Ga da'irar baƙin tawada, ga rana, 9 ga Maris 1964. A sama kuma an rubuta SKELBY.

Ta duba na biyu, Skelby. Na goma, Skelby. Ta yi wata irin dariya da ita kanta ba ta san tana da ita ba.

"A nan yake! 'Yan jarida suna nemansa har ƙasashen waje, ashe yana nan garin!"

Matan suka kalli juna. Maud ta ajiye almakashinta.

"To shi ne baƙon da ya kama ɗaki a saman shagon mahauci," ta ce a hankali. "Ina yarinya. Kullum yana bakin taga yana kallon layin su Enid."

Doreen ta zuba wa Rhoda kan sarkin a ƙaramar leda, ta ƙi karɓar ko kwabo.

Da Rhoda ta koma, ta tarar Misis Garbutt ta sake dafa shayi, tana zaune da hannuwa a cinya.

"Kin gano ke nan."

"Na gano! Misis Garbutt, kin san abin da wannan yake nufi? Babi guda ne sukutum! Saboda ke ya bar majalisa, ya zo ya zauna taku ɗari daga ƙofarki."

"Ni ban aike shi ba. Sau ɗaya muka yi rawa a wani biki a York, shi ke nan mutum ya haukace. Ko layi ɗaya ban taɓa ba shi amsa ba." Ta miƙo hannu, Rhoda ta ba ta ledar. Ta fito da guda ɗaya ta shafa da'irar tawadar da babban yatsa. "Kin san wa ya buga wannan? Mijina, Wilf. Shi ne mai gidan wayar garin nan, shi ne kuma mai rabawa. Da safe ya buga hatimi, ya sa a jaka, ya gama zagayen gari, ya zo ya ajiye min kusa da farantina. Ya san rubutun sarai. Sau arba'in da ɗaya, bai buɗe ba, bai tambaye ni ba. Sai dai ya ce, 'Enid, kin yi wasiƙa,' ya zauna ya ci abincinsa."

Ta mayar da kan sarkin cikin ledar.

"Wasiƙun na Denis ne, ku kwashe ku sa a gilashi. Hatimin na Wilf ne. Ban so ya shiga ɗakin ajiyarku a ƙarƙashin sunan wani ba. Shekara goma sha biyu kina bin mai iya rubutu, 'yar nan. Wanda ya iya yin shiru ba wanda ya taɓa tambayar sunansa."

Rhoda ta ji kunya ta rufe ta. Bas ɗin York na ƙarfe biyu ya wuce ta gaban taga, tana kallonsa. Ta jawo kujera kusa da tsohuwar, ta buɗe sabon shafi a littafin rubutunta, ta ɗauki fensir.

"Wilfred Garbutt," ta ce. "A wace shekara aka haife shi?"