Ranar da Lokendra Ya Taka Kafet

Ni na kai Lokendra dai, wato yaya a bakinmu, filin ƙwallon garin Dharan ranar da asirinsa ya tonu, kuma na san kurma ne tun kafin in tayar da mota. Duk garin mu biyu muka san wannan, ni da shi.

Shekara ashirin da shida ina ɗaukar masa kaya. Ni ba makaɗi ba ne, aji uku na yi na gudu. Aikina mota da lasifika da igiyar wuta. Shi kuwa a zamaninsa in ya rataya jita, samari har kan rufin bas suke hawa don su hango shi. Masu kiɗan rok na gabashin Nepal, rabinsu a ɗakinsa suka koya. Tsayuwa gaban lasifika ce ta cinye masa kunne. Na hagu ya fara mutuwa, na dama ya bi shi a hankali.

Sai ya samo dabara. Ba ya hawa dandamali da takalmi. Mutane suka ce ladabi ne, wai yana girmama wurin kiɗa kamar ɗakin ibada, har wasu suka riƙa kwaikwayonsa. Ba haka ba ne. Da tafin ƙafa yake jin ganga. Mai ganga ya taka babbar, katako ya girgiza, girgizar ta hau masa ƙafa, shi ke nan ya san inda ake. Ni kuma kullum sai in kwantar da lasifika ɗaya a kan katakon, dab da inda zai tsaya. A makarantar da yake koyar da kiɗa kuwa, yatsun ɗalibai yake kallo da bakinsu. Shekara tara ba wanda ya gane. Aikin nan shi ne abincinsa, shi ne makwancinsa, don a bayan makarantar aka ba shi ɗaki. Ranar da suka ji malamin kiɗa ba ya ji, an gama.

Bikal Yakkha tsohon ɗalibinsa ne, ya tafi Kathmandu ya yi suna. Bayan Tihar, bikinmu na fitilu, ya zo yin wasa a gida, ya same ni a teburin mai shayi.

"Maila dai, har yanzu wannan akwalar motar ce? Ta girme ni fa."

"Ta girme ka, kuma ba ta taɓa rina gashinta ja ba. Me kake so?"

Ya yi dariya, ya jawo kujera. "Guru, malamina Lokendra, nake so ka kawo min ranar Asabar. Kada ka faɗa masa komai, ka ce kallo kawai zai yi daga gefe. Ana tsakiyar wasa zan kira shi mu yi tsohuwar waƙarsa tare. Garin nan sai ya tsage."

"Ba ya son irin wannan, bhai, ƙanena. Tambaye shi tukuna."

"In na tambaye shi a'a zai ce, ka san halinsa. Dai, mutumin nan shi ya ɗora min yatsa a kan tsirkiya. Samarin yanzu ko sunansa ba su sani ba. So kake ya mutu a bayan makaranta ba wanda ya tafa masa?"

Nan ya kama ni. Na ce a raina, waƙarsa ce, ya kaɗa ta sau dubu, katako kuma katako ne. Na ce to. Ban je na duba dandamalin ba. Kayansu daga Kathmandu suka kawo, ba su ɗauke ni aikin ba, girman kai ya hana ni zuwa leƙe kamar mai neman a taimaka masa.

Ranar Asabar ƙarfe uku na rana na ɗauko shi.

"Maila, yau wanka ka yi? Zance za ka?"

Na juyo masa da fuskata don ya ga bakina. "Kallo za mu, dai."

"Kallo kam na iya," ya ce.

Muna isa gefen dandamalin na leƙa don in ga katakon. Kafet ne mai kauri aka shimfiɗa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gangunan na roba ne masu aiki da lantarki, ko an doke su ba su da ƙarar kansu. Lasifikun duk an rataye su a kan turakun ƙarfe can nesa, suna fuskantar jama'a. Kowane makaɗi da ɗan abu a kunne, ta nan yake jin 'yan uwansa. Na dafa bakin dandamalin da hannu ana tsaka da kiɗa. Ko motsi.

Na ja rigarsa. "Dai, mu tafi, cikina ke murɗawa."

"Je ka ka dawo, ina nan. Dubi ɗan banzan nan Bikal, har yanzu babban yatsansa a saman wuyan jita. Sau nawa na buge masa hannu a kan wannan?"

Da na faɗa masa gaskiya a nan, da mun fita. Ina ta juya yadda zan fara, kiɗa ya tsaya. Bikal ya kira sunansa a makirfo, fili ya ɗauki ihu, Lokendra kuwa ni yake kallo yana jiran amsa. Bikal ya sauko, ya durƙusa, ya ɗora goshinsa a kan ƙafar Lokendra, ya tashi ya rataya masa farin gyale na girmamawa a wuya. Duk wannan yana fitowa a babban allon da ke saman dandamali. A wurinmu, ɗalibi ya sa maka goshi a ƙafa a gaban jama'a ka ce masa a'a, daidai yake da ka tsine masa. Lokendra ya dube ni sau ɗaya. Ya sunkuya ya cire takalmi.

Ya taka kafet. Ina kallon yatsun ƙafarsa suna lalube. Ya matsa hagu, ya matsa dama. Wani ya zo ya cusa masa abin kunne a na hagu, mataccen. Ya waiga don ya ga hannun mai ganga, Bikal ya rungumo kafaɗarsa ya juyo da shi wajen jama'a.

Farkon waƙar jita ce ita kaɗai. Ya kaɗa shi tas, yadda ya saba, har tsikar jikina ta tashi. Tsofaffin da ke filin suka kama rerawa. Sai sauran makaɗan suka shigo, kuma su da sauri suke kaɗa ta, ba yadda ake yi a da ba. Bai sani ba. Suna gaba yana baya. Da fari mutane sun ɗauka salo ne. Da abin ya dagule, Bikal ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya.

Ban da Lokendra. Idonsa a rufe, yana kaɗawa yana rerawa, muryar ta kauce wa jitar, shi kaɗai a gaban mutum dubu biyar.

"Guru," in ji Bikal a makirfo. "Guru, tsaya mu sake. Guru!"

Wani daga gaba ya ɗaga murya, "Tsoho ya sha giyar gero tun safe!" Aka kwashe da dariya.

Wata mata ta ce, "Ba maye ba ne, ku duba shi. Ba ya ji ne!"

Maganar ta bi fili kamar wutar daji. Da ya buɗe ido, wayoyi ya gani a sama, da fuskarsa a allo.

Ya cire jitar ya miƙa wa Bikal da hannu biyu, ya dafa masa kai, ya sauko. A mota ya juya fuskarsa wajen taga har muka isa, don kada ya ga bakina. A ƙofar makaranta ya juyo.

"Ka san zai kira ni?"

Na gyaɗa kai.

"Kafet ɗin fa?"

"Sai da muka isa na gani, dai."

"Shekara tara kana duba min katako, Maila."

Ya sauka. Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi min.

Kafin Litinin abin ya shiga kowace waya a Dharan. Shugabar makarantar ba ta yi masa faɗa ba. Shiga ajinsa ta yi, ta tsaya a bayansa, ta kira sunansa sau biyu a gaban ɗalibai, bai waigo ba. Aka ba shi zuwa ƙarshen wata ya kwashe kayansa. Bikal ya bugo min waya yana kuka, wai zai kai shi asibiti a Delhi. Na ce likita ya riga ya faɗa tun tuni, jijiyar ta mutu. Ya koma Kathmandu, wasanninsa sai ƙara cika suke yi.

Mijin ƙanwar Lokendra ya samar masa aiki a injin fasa dutse a bakin kogi, inda ba mai jure wata uku saboda ƙara. Bara bel ɗin injin ya kama masa hannun riga. Mutum uku suka hango tun da wuri, suka yi ta ƙwala masa kira. Yatsu uku na hannun hagu ya bari a wurin.